Tsohon Bututun Bindiga Na Taskar Fada: Asalinsa Da Darajarsa

Allah ya ja zamanin Mai Martaba, ya jiƙan magabatansa da suka riƙe wannan gida shekara 100, ya kuma saka wa duk wanda ya sa hannu har aka ga wannan rana.

A lokacin da kwamitin shirya biki ya sami izinin buɗe taskar fada domin a fito da kayan gado a baje wa baƙi, an fito da abubuwan da kowa ya zata: tambura, da takubba, da alkyabbu waɗanda asu ya taɓa, da sirdi biyu, da wani kwalkwali. A can ƙuryar ɗakin kuma, ƙarƙashin tarin tsofaffin takardun haraji, sai aka tsinci wani ƙarfe naɗe cikin fatar akuya. Da aka kwance, sai ga bututun bindiga, babu ƙota, babu kunama, babu sakata, tsatsa ta yi masa jar riga. Abin da ya rage a jikinsa shi ne gidan ƙarfen nan da ake zura harsashi ta cikinsa, wanda yake ɗaure a gindin bututun. Kafin a kira sallar magariba labarinsa ya zagaye gari.

Dattawan zaure suka ce ai wannan aikin maƙeran Damagaram ne na zamanin Sarki Tanimu, kuma da ita kakan gidan nan ya fita yaƙi tun Nasara bai san hanyar ƙasarmu ba. Samarin kwamiti suka ce a kai wa maƙeri ya kankare shi, a sassaƙa masa ƙota, a ɗura masa albarushi ranar hawa, ya yi tsawa a gaban baƙi. Bayan kwana biyu kuma sai ga wani dillalin kayan da, daga cikin masu bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin takubba da kujeru, ya zo ya yi tayin kuɗin da za su sayi bijimi, yana cewa a yi sauri domin motarsa za ta tashi. Da yake akwai rubutun Faransanci a jikin ƙarfen, ni kuwa na ɗan zauna a lise, kuma na saba da bin dattawa da na'urar ɗaukar magana saboda shirin tarihi da nake gabatarwa a rediyo, sai aka ce in zo in karanta. Abin da na karanta, da abin da na bincika daga baya, shi ne nake so in ajiye a cikin wannan littafi.

Mu fara ba dattawa haƙƙinsu, domin maganarsu tana da tushe. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884 bayan mulkin sama da shekara 30, ya mai da Damagaram ƙasar bindiga. Ayarin Tarabulus yana kawo masa makamai ta hanyar Gat da Azbin, maƙeransa suna zuba igwa a cikin Birni, ana kuma haɗa albarushi a gida. Masanin tarihinmu André Salifou ya yi bayanin wannan a littafinsa na tarihin Damagaram da ya fito a 1971. Saboda haka duk wanda ya ga tsohuwar bindiga a kudancin Nijar ya tuna da Tanimu, bai yi wauta ba. Sai dai bindigogin wancan zamani, na ƙira da mafi yawan na saye, ta baki ake ɗura su: a zuba albarushi, a sa dalma, a danna da sanda, sannan ƙanƙara ta ba da wuta ta wata ƴar kafa a gefe. Gindinsu a toshe yake, cikinsu kuma sumul kamar cikin sarewa. Namu kuwa gindinsa a buɗe yake, ana hango rana ta cikinsa daga wannan baki zuwa wancan. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da shi daga cikin dangin bindigar toka.

Da muka shafa masa mai muka goge da tsumma a hankali, sai rubutu ya fara fitowa. A gefen hagu na gidan harsashin an rubuta da kyakkyawan hannu mai lanƙwasa: Manufacture d'Armes St Étienne, wato masana'antar makamai ta birnin Santetiyen a Faransa. Kusa da shi akwai Mle 1874, sannan M 80. A gindin bututun kansa, inda aka yi masa fuskoki maimakon a bar shi zagayayye, an buga S.1878, ga kuma wasu ƙananan haruffa cikin da'ira, ga lambar bindigar, harafi guda da alkaluma biyar.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ma'ana. Mle taƙaitawa ce ta kalmar da ke nufin samfuri, kuma samfurin 1874 shi ne bindigar da ake kira Gras, da sunan hafsan sojan Faransa Basile Gras wanda ya tsara ta. Harafin S na nuna masana'antar da ta ƙera bututun, 1878 kuma shekarar ƙirar. Da a ce C ne, to daga Shatelro ya fito, in T ne kuma daga Tul, domin waɗannan garuruwa uku su ne suke ƙera wa gwamnatin Faransa bindigogi a lokacin. Haruffan cikin da'ira hatimin shugabannin masana'anta ne da masu duba aiki, waɗanda sai sun yarda da ƙarfe yake fita. M 80 kuwa shaida ce cewa an mayar da bindigar an yi mata gyaran da aka ƙaddamar a 1880, inda aka yanka wata ƴar hanya a cikin gidan harsashi domin idan kwanso ya fashe hayaƙin ya fita ta gefe, kada ya hau fuskar mai harbi. Mun duba, mun ga hanyar tana nan.

Yana da kyau mai karatu ya san dalilin da ya sa aka yi wannan bindiga. A 1866 Faransa ta ba sojanta bindigar Chassepot, wadda ake ɗura ta ta gindi da sakata, irin sakatar ƙofa, amma harsashinta a cikin takarda yake naɗe, wata doguwar allura ce take huda shi ta tayar da wuta. Da ita suka shiga yaƙin 1870 zuwa 1871 da Jamusawa, wanda suka sha kashi a cikinsa. Bindigar tana kai nesa, amma takarda ba ta jure laima, allura tana karyewa, robar da ke toshe hayaƙi kuma tana ƙonewa bayan harbi da yawa. Gras ya gyara wannan da harsashi mai kwanson ƙarfe, faɗinsa milimita 11, guda ɗaya ake sa wa, a harba, a ja sakata kwanso ya fito, a sa wani. An kuma ɗauki tsofaffin Chassepot masu yawa aka juya su zuwa sabon tsarin, su ne ake ganin an rubuta musu Mle 1866-74. Namu ba ya cikinsu, sabo aka ƙera shi tun farko.

Zamanin Gras a hannun sojan Faransa na gida bai yi tsawo ba. A 1884 masanin haɗa sinadarai Paul Vieille ya fito da albarushi marar hayaƙi, a 1886 kuma aka fito da bindigar Lebel mai milimita 8, wadda take ɗaukar harsashi takwas a cikinta. Nan take Gras ta zama tsohuwar yayi, ga ta kuma jibge a rumbunan gwamnati. Daga nan ne ta fara yawon duniya. An ba sojojin ƙasashen da Faransa ta mallaka, an sayar wa ƴan kasuwa, ta kai Habasha har aka yi yaƙin Adwa na 1896 da ita, a 1915 kuma aka aika wa Rasha dubu ɗaruruwa. Wannan lissafi yana da muhimmanci ga tambayarmu. Ko da yake Tanimu yana raye a 1878, bindigar da aka ƙera wa sojan Faransa a wannan shekara, aka kuma mayar da ita masana'anta bayan 1880, tana hannun gwamnatinta har sarkin ya rasu.

Bayan rubutu sai awo. Mun ɗauko mita ta tela muka gwada bututun, daga baki zuwa inda ya shiga gidan harsashi, muka sami kimanin santimita 51. Bindigar Gras iri-iri ce. Ta sojan ƙasa doguwa ce, bututunta santimita 82, ita kanta ta wuce mita ɗaya da santimita 30, nauyinta ya haura kilo 4. Ta mahaya dawaki bututunta kusan santimita 70. Gajerar cikinsu, wadda aka yi wa masu harba igwa, ita ce mai santimita 51, duka tsawonta bai cika mita ɗaya ba. A nan sai an yi hattara, domin sau da yawa maharba suna yanke doguwar bindiga da zarto don ta yi sauƙin ɗauka. Bututun da aka yanke bakinsa ba ya yin daidai, kuma ƴar ƙusar saiti da ke kan hancinsa takan ɓace ko a ga an liƙa wata. Namu bakinsa a gyare yake, ƙusar saitinsa ta asali ce. Gajere aka haife shi.

Saura abu guda, kuma shi ne wanda mutane suka fi mantawa: leƙa ciki. Idan aka ɗaga bututun aka fuskanci haske, ana ganin tsaga huɗu suna murɗawa daga gindi zuwa baki kamar tufkar igiya. Su ne suke juya harsashi ya tafi sak. Dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci shi ne, a 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Burusel, wadda ta hana sayar wa mutanen mafi yawan ƙasashen Afirka bindigogi na zamani masu irin wannan tsaga, aka bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ban da haka, ƴan kasuwar Santetiyen da na Liyej a Beljiyam sun sayi tsofaffin Gras da yawa, suka rarake cikinsu suka share tsagar, suka mai da su bindigogin farauta masu araha. Irin waɗannan cikinsu sumul ne, kuma waɗanda suka bi ta Liyej suna ɗauke da hatimin haruffa E L G a cikin da'ira mai siffar ƙwai, wadda aka ƙara mata kambi a sama tun daga 1893. Duk mai tsohuwar bindiga a gida yana iya yin wannan gwaji da kansa. Namu babu hatimin Liyej, tsagarsa tana nan ko da yake tsatsa ta ci gefenta. Makamin soja ne, kuma bai bi ta hannun ɗan kasuwar farauta ba.

To ta ina makamin sojan Faransa ya shigo ƙasarmu? Kowa ya san shekarun. A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram, zamanin Sarki Ahmadu Kuren Daga. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa da wuta, ta faɗa wa Lugu garin Sarauniya a watan Afirilu, ta ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli aka harbe Kanar Klobb a Dankori, cikin ƴan kwanaki kuma sojojin da kansu suka kashe shugabannin nasu biyu, waɗanda kaburburansu suke Maijirgi. A ƙarshen watan aka yi karon Tirmini, Damagaram ta faɗa hannun Faransawa. Daga baya, a tawayen Kawsan na 1916 zuwa 1917, makamai sun sake yawo tsakanin Agadas da kudu. A irin waɗannan shekaru bindiga takan sauya hannu a fagen fama ko a hanyar gudu, kuma na ga yadda fuskokin ƴan kwamiti suka yi haske da na ambaci wannan, domin ganimar yaƙi abin ado ce a ranar biki.

Amma akwai hanyar da ta fi waɗannan faɗi, ita ce ta zaman mulki. Bayan an kafa ƙasar soja a 1900, aka mai da Damagaram hedikwata a 1911, Nijar ta zama koloni a 1922, aka koma Yamai a 1926, kowane kumandan yana da gardawansa, kuma tsofaffin gajerun Gras irin wannan suna cikin makaman da ake rataya musu. Su ne suke raka masu karɓar lanho, su ne suke tsare mutanen da aka ɗebo aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Da na je wurin wata gyatuma ta cikin gida, wadda ta haura shekara 90, ban gaya mata abin da na karanta ba, na dai tambaye ta ko ta san ƙarfen. Ta ce, "Ɗana, ai ta gardi ce." Ta ce tana yarinya ta gan ta da ƙotarta a rataye a zauren ciki, ana hana yara taɓawa, kuma uwayensu mata sun gaya musu kumandan ne ya bar wa sarki ita a shekarun farko na sarautar. Maganarta ta yi daidai da gajartar bututun, ta yi daidai da tsagar cikinsa, ta kuma yi daidai da tarin takardun harajin da aka same shi a ƙarƙashinsu.

Na san wannan ba shi ne labarin da wasu suka so ji ba, har wani babba ya ja ni gefe ya ce in rubuta Tanimu kawai, wa zai bincika? Ranka ya daɗe, duk ɗan lakwal da ya iya haɗa baƙi zai karanta 1878 a jikin ƙarfen, kuma ranar da ya karanta zai fara shakkar sauran abin da muka gaya masa game da tambura da takubba. Ni a ganina ma labarin gaskiyar ya fi nauyi. Sarakunan farko na wannan gida sun zauna ne tsakanin kumandan mai neman haraji da ma'aikata, da talakawa masu neman a rufa musu asiri a shekarun fari da fara. Wannan bindiga tana cikin kayan wancan zama, kuma gidan da ya karɓe ta shi ne ya cire ta daga zaure, ya naɗe ta cikin fata, ya ajiye ta a inda ba ta ƙara tsorata kowa ba.

Mu zo ga kuɗi, tun da dillali ya tayar da maganar. Masu tara tsofaffin makamai a Turai suna duba abubuwa sanannu. Suna son bindiga cikakkiya, wadda lambar da ke bututunta ita ce a sakata, ita ce a ƙota, ita ce a sandar goge ciki, domin masana'anta takan buga lamba ɗaya a kowane sashe. Suna son ƙarfen da ba a kankare ba, da cikin da tsatsa ba ta rarake ba. Gajerar Gras ta fi doguwar wuyar samu, wannan ya ɗan ɗaga ta, amma an ƙera dangin Gras da yawan gaske, har yau ba su yi ƙaranci a kasuwannin can ba. Bututu shi kaɗai, marar sakata, marar ƙota, mai tsatsa, a wurinsu kayan gyara ne, kuma kuɗinsa kaɗan ne daga cikin kuɗin cikakkiyar. Saboda haka wanda ya yi tayin kuɗin bijimi sunan fada yake saye, domin ya je ya ce daga taskar wani sarkin ƙasar Hausa ya fito, ya kuma ƙara masa duk labarin da ya ga dama. Ban da wannan, dokar ƙasa mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta ɗora wa hukuma kiyaye kayan tarihi da lura da fitarsu waje. An sallami dillalin da godiya da goro.

Maganar samari kuwa, ta ɗura masa albarushi, Sarkin Maƙera ne ya kashe ta kafin ni in buɗe baki. Ƙarfen da ya kusa shekara 150, wanda tsatsa ta ci daga ciki, ba a san inda ya yi rauni ba sai ya fashe, kuma toshe gindinsa da walda zai lalata gidan harsashin da rubutun yake kai. Kankarewa da yashi ko da takardar goge ƙarfe ita ma ɓarna ce, domin haruffan cikin da'ira ba su da zurfi, shafa biyu ta isa ta tafi da su. Abin da ake yi masa shi ne mai marar gishiri, da tsumma mai laushi, da wuri busasshe. Fatar akuyar ma an raba shi da ita, domin fata tana riƙe laimar damina, amma an adana ta a gefe tun da ita ma ta shiga tarihin. An ɗauki hoton kowane rubutu, an kuma shirya kwafi domin aika wa gidan kayan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama a Yamai, da na jiha a Damagaram.

Baƙin da za su shiga zauren baje kayan gado za su same shi a cikin akwatin gilashi, tsakanin takubba da takardun haraji. A takardar da ke jikin akwatin an rubuta da Hausa da Faransanci cewa bututun gajerar bindigar Gras ce samfurin 1874, ƙirar Santetiyen ta 1878, mai gyaran 1880, wadda bisa shaidar tsofaffin gida ta shigo fada daga hannun kumandan a farkon sarautar. An kuma rubuta lambarta da manyan alkaluma. Gyatumar ta ce ƙotar da sakatar ba su bar garin nan ba, a shekarar wata gobara aka raba kayan zaure gida-gida don a tsirar da su. Mai Martaba yana roƙon zuriyar dogarai, da ta maƙera, da ta fadawa, kowa ya duba tsofaffin adakoki da rumbunan gidansa. Wanda ya ga ƙarfe mai kama da sakatar ƙofa da ƴar dunƙulen mariƙi a gefe, ya kawo shi fada a gwada lambarsa da ta bututun.